Furosesa da Madabod: Yadda Ake Zaɓensu Kafin a Haɗa Kwamfutar Gem

Duk matashin da ya daɗe yana buga PUBG Mobile ko eFootball a waya ya san cewa kyan bayan waya ba shi ke tafiyar da gem ba. Ya san bambancin Helio da Snapdragon, ya san irin wayar da ke ɗaukar zafi bayan minti 20 ta fara sarƙewa ana tsaka da wasa. Wannan sanin zai yi masa amfani ranar da ya yanke shawarar tara kuɗi ya haɗa kwamfutar gem da hannunsa. Sai dai akwai bambanci babba. A waya, kamfani ya riga ya gama zaɓi: furosesa da sashen hoto da sashen sadarwa duk suna cikin cif guda, an liƙe shi a jikin fanel, babu abin da mai saye zai canza. A kwamfutar tebur kuwa kowane ɓangare daban ake sayensa, kuma tabbatar da cewa za su zauna lafiya da juna yana wuyan mai haɗawa.

A cikin ɓangarorin nan, biyu ne kuskurensu ya fi tsada. Katin girafik idan bai gamsar ba, ana cire shi a sa wani cikin minti 5. Ma'adanar SSD ma haka. Furosesa da madabod kuwa aure ne. Wanda ya zaɓi ɗaya ya zaɓi dangin ɗayan, ya zaɓi irin RAM ɗin da zai saya, ya kuma zaɓi ko bayan shekara 3 zai iya ƙara wa kwamfutarsa ƙarfi da sayen abu ɗaya, ko sai ya zubar da abu uku ya sake sabon lale.

Me furosesa ke yi a cikin gem?

Kowane hoto da ke bayyana a monita aikin mutum biyu ne. Furosesa ne ke fara aiki: shi ke lissafa inda ƙwallo ta nufa, abin da 'yan wasa 22 ke yi a fili, inda harsashi ya sauka, da maɓallin da mai wasa ya danna. Idan ya gama sai ya miƙa wa katin girafik umarni, shi kuma ya zana hoton. Gem mai tafiya a hoto 60 cikin daƙiƙa yana ba su biyun abin da bai kai kashi 17 cikin 1000 na daƙiƙa ba su gama kowane hoto. A hoto 144 cikin daƙiƙa, lokacin bai kai kashi 7 ba. Duk wanda ya makara a cikinsu, ɗayan sai ya tsaya jiransa.

Daga nan ne dokar kashe kuɗi ta fito. Girman hoto nauyi ne a kan katin girafik. Monita mai 1080p tana da ɗigo kusan miliyan 2, mai 4K tana da sama da miliyan 8, amma lissafin da furosesa ke yi kusan ɗaya ne a duka biyun. Saboda haka wanda ke son gem masu nauyin hoto a babbar monita, katin girafik ne zai fara gajiya, kuma matsakaicin furosesa ya ishe shi. Wanda kuma ke buga Counter-Strike 2 ko Valorant ko Fortnite a 1080p yana neman hoto 200 ko fiye, a wurinsa furosesa ne ke jan ragama.

Ga mafi yawan masu haɗa kwamfuta ta farko, kaso mafi girma na kuɗi katin girafik ya kamata ya ci. Ana yawan ganin akasin haka: a sayi Core i9 don suna, kuɗi ya ƙare, a haɗa shi da ƙaramin kati. Kwamfutar da aka haɗa da Ryzen 5 da kati mai ƙarfi za ta wuce ta a kusan kowane gem.

Sunan da ke kan kwali

Babban tarkon da ke jiran sabon shiga shi ne kalmar i7. Mai shago zai ce "wannan i7 ce", sai mai saye ya ji kamar an gama magana. Alhali i3 da i5 da i7 da i9 mataki ne kawai a cikin zubin shekara guda, ba sa faɗar shekarun furosesan. Core i7-4790 ya fito a 2014 da ƙwayoyin aiki 4. Core i3-12100 ya fito a 2022 shi ma da ƙwayoyi 4, kuma ya fi wancan i7 ɗin sauri nesa ba kusa ba. Lambar da ke bayan layin ita ce abin dubawa. A i5-12400F, 12 na nufin zubi na 12, 400 matsayinsa ne a cikin zubin, harafin F kuma na nufin babu sashen hoto a cikinsa, dole sai da katin girafik kafin a ga komai a monita. Harafin K na nufin an bar shi a buɗe, ana iya tura gudunsa sama da yadda ya zo.

AMD ma haka take jerawa: Ryzen 3, 5, 7, 9, sannan lambar farko ta nuna zubi, kamar 5000, 7000 da 9000. Harafin X na nufin gudu ya ɗan ɗara, G na nufin sashen hoto mai ɗan ƙarfi, X3D kuma za a zo kansa.

Ƙwayoyin aiki, wato abin da kalmar Core ta sunan furosesocin Intel ke nufi, ba baƙon abu ba ne ga mai waya. Helio G99 da ke cikin wayoyin Tecno da Infinix da yawa yana da ƙwayoyi 8, amma 2 ne manya masu ɗaukar nauyi, sauran 6 ƙanana ne masu tattalin batir. Intel ta kawo irin wannan tsari cikin kwamfutar tebur tun zubi na 12 a ƙarshen 2021. Core i5-14600K yana da ƙwayoyi 14, amma 6 ne manya, 8 ƙanana. Gem a kan manyan yake dogara. Ƙananan suna taimakawa wajen ayyukan bayan fage da haɗa bidiyo. Don haka idan ana kwatanta furosesa biyu don gem, manyan ake ƙirgawa.

Nawa ne ya isa? PlayStation 5 da Xbox Series X, waɗanda suka fito a Nuwamba 2020, kowannensu ƙwayoyi 8 gare shi, kuma da su masu ƙera manyan gem ke auna aikinsu. Manyan ƙwayoyi 6 na zamani sun wadatar ga mafi yawan gem, 8 kuma kwanciyar hankali ce. Sama da haka sai ga mai wata sana'a da kwamfutar, irin su tace bidiyo ko zanen gine-gine.

Lambar GHz kuwa ba ta da ma'ana sai tsakanin furosesoci 'yan zubi ɗaya. A 2013 AMD ta fitar da FX-9590 mai kaiwa 5 GHz, yana shan wuta wat 220. Ryzen 5 5600 bai kai wannan lambar ba, bai sha rabin wutarsa ba, amma ya ninka shi aiki, domin abin da yake gamawa a kowane bugu ya fi yawa.

Aljihun furosesa

Akwai wata lamba da masu shago ba su cika ambata ba, kuma a gem ta fi GHz tasiri. A cikin furosesa akwai wata 'yar ma'adana mai tsananin sauri, wadda a takardar bayani ake rubuta ta da L3. Kamar aljihu take: abin da ke cikinta hannu kawai za a sa a ɗauko, abin da babu kuma sai an tashi an je RAM, tafiyar da ta ninka lokaci sau da yawa. Gem yana yawan komawa kan bayanai iri ɗaya, don haka girman aljihun nan yana rage jira, yana kuma rage irin ɗan tsayawar nan da ke ɓata wasa ko da matsakaicin gudu yana da kyau.

A Afrilu 2022 AMD ta fitar da Ryzen 7 5800X3D, inda ta ɗora ƙarin ma'adana a kan cif ɗin har L3 ya kai MB 96, ninki uku na 5800X na yau da kullum. Gudunsa a GHz ya ma yi ƙasa da na ɗan'uwansa, amma a gem ya wuce shi. Daga baya 7800X3D ya biyo a Afrilu 2023 a kan dala 449, sannan 9800X3D a Nuwamba 2024 a kan dala 479. Ga wanda gem kaɗai ne gabansa kuma aljihunsa ya kai, nan ne ƙoli. Amma haɗa irin wannan furosesa da ƙaramin kati asarar kuɗi ce.

Wannan lambar ce kuma ke tona asirin Ryzen 5 5500. Sunansa dab yake da 5600, farashinsa ya fi sauƙi, ƙwayoyinsu 6 duka. Sai dai L3 ɗinsa MB 16 ne, na 5600 kuma MB 32, sannan hanyar da yake magana da katin girafik PCIe 3.0 ce, ta 5600 kuma 4.0. Idan bambancin kuɗin bai taka kara ya karya ba, 5600 ne abin ɗauka.

Soket: inda ba a yin sulhu

Soket shi ne gurbin da furosesa ke zama a kan madabod, kuma kowane furosesa gurbi ɗaya ya sani. A halin yanzu huɗu ne mai haɗa kwamfutar gem zai ci karo da su.

AM4 na AMD ya fara a 2016, kuma a kansa Ryzen ya fito a 2017. Yana aiki da DDR4 kaɗai. Abin da ya sa ake yabonsa shi ne tsawon rai: wanda ya sayi madabod B450 a 2018 da Ryzen 5 2600 ya iya cire shi bayan shekara 4 ya sa 5800X3D, ba tare da ya taɓa RAM ko madabod ba, sabunta BIOS kawai ya yi. Yanzu AM4 ya tsufa, ba a sa ran wani sabon zubi a kansa, amma har gobe shi ne hanya mafi araha ta samun kwamfutar gem ta ƙwarai.

AM5 ya gaje shi a Satumba 2022, yana ɗaukar Ryzen 7000, 8000 da 9000, kuma DDR5 kaɗai ya sani. A 2024 AMD ta ce za ta ci gaba da fitar da furosesoci a kansa har 2027 ko ma gaba. Wanda ya fara da Ryzen 5 7600 yau yana da inda zai matsa gobe.

A ɓangaren Intel, LGA1700 na ɗaukar zubi na 12, 13 da 14. A nan akwai abin lura: furosesan yana iya aiki da DDR4 ko DDR5, amma madabod ɗin ɗaya kawai yake karɓa. Madabod biyu masu suna kusan iri ɗaya, ɗaya an ƙara masa D4 ko DDR4 a ƙarshen suna, ba RAM ɗaya suke ci ba. Yankan da ke ƙasan sandar DDR4 da na DDR5 ba wuri ɗaya suke ba, ba ta shiga, wanda ya matsa kuma ya karya. Zubi na 14 ne ƙarshen wannan soket.

Sai LGA1851, wanda ya zo da Core Ultra 200S a Oktoba 2024, shi ma DDR5 kaɗai. Waɗannan sun rage shan wuta da zafi idan aka kwatanta da zubi na 14, amma a gem ba su kawo wani ci gaba a kansa ba, kuma X3D na AMD sun sha gabansu.

Ko soket ya zo ɗaya, ba a nan magana ta ƙare ba. Tsohon LGA1151 ya ɗauki zubi na 6 har na 9, amma madabod na zubi na 6 da 7 ba ya tayar da furosesan zubi na 8 da 9, duk da cewa yana zama daram a gurbin. Maganin irin wannan ɗaya ne: kowane kamfanin madabod, ASUS ne ko MSI ko Gigabyte ko ASRock, yana da jerin furosesocin da kowane samfuri ke ɗauka a shafinsa na intanet. Dubawa da waya ba ta cin minti 2, kuma kafin a biya kuɗi ake yin ta.

Cifset, da abin da ake biya a banza

Harafi da lambar da ke cikin sunan madabod, irin B550 ko Z790, sunan cifset ne, wato ƙaramin cif mai kula da ramukan USB, ma'adanai da sauran hanyoyi. Abu na farko da ya kamata a sani shi ne madabod ba ya ƙara yawan hoto a gem. Furosesa ɗaya a kan madabod mai araha da mai tsada, muddin duka biyun suna ba shi wutar da yake buƙata, gudu ɗaya zai yi.

A Intel, H610 ne na ƙasa, an tsuke shi sosai. B660 da B760 na tsakiya suna barin a ƙara gudun RAM amma ba na furosesa ba. Z690 da Z790 suna barin duka biyun. Ke nan furosesa mai K a kan B760 an biya kuɗin abin da ba za a mora ba, haka ma i5-12400F a kan Z790. A AMD, A520 da A620 ne na ƙasa, B550, B650 da B850 na tsakiya, X570, X670 da X870 na sama, kuma tun daga matakin B550 da B650 ana iya tura furosesa. Ga kwamfutar gem mai katin girafik ɗaya da SSD ɗaya ko biyu, matakin B ya gama komai. Abin da X da Z ke ƙarawa yawan ramuka ne, da fitilu masu launi waɗanda ba su taɓa cin wasa ko ɗaya ba.

Inda ya dace a sa ido shi ne kewayen soket. Akwatin wuta na kwamfuta yana aiko da bolt 12, furosesa kuma bolt ɗaya da ɗan ɗoriya yake sha. Jerin ƙananan sassan da ke gefen soket, waɗanda ake kira VRM, su ke wannan ragewar. Furosesa mai jan wat 200 a bolt 1.25 yana jan amfiya 160 ta cikinsu, kuma hakan zafi ne mai yawa a ɗan ƙaramin wuri. Idan suka yi zafi fiye da kima, madabod ɗin da kansa zai rage gudun furosesa don ya tsira, gem ya fara sarƙewa kamar dai wayar da aka buga tana caji. Core i9-14900K an ba shi damar jan wat 253. Ryzen 5 7600 bai wuce 88 ba. Madabod mai araha da VRM ɗinsa ke tsirara, babu ƙarfen shan zafi a kai, zai riƙe na biyun lafiya, amma ɗora masa na farkon zalunci ne.

Wannan magana ta fi nauyi a inda ake zafi. Yawancin gwaje-gwajen da ake gani a YouTube a ɗaki mai sanyi ake yinsu. A Kano ko Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai, daga Maris zuwa Mayu zafin rana kan haura digiri 40, kuma duk digirin da ɗaki ya ƙara, kusan shi ne furosesa zai ƙara. Ga ƙurar hunturu da ke toshe fanka. Wanda ɗakinsa babu na'urar sanyaya ɗaki, furosesa mai wat 65 da madabod mai ƙarfen shan zafi a VRM sun fi masa alheri fiye da dodon furosesan da zai riƙa ja da baya kullum da azahar. Wanda ke amfani da sola ko inbata ma lissafin ɗaya ne: kowane wat daga batir yake fita.

Sauran abin dubawa gajere ne. Girma uku ne: ATX mai milimita 305 da 244, microATX mai 244 da 244, da Mini-ITX mai 170 da 170. Ƙaramin madabod yana shiga babban akwati, babba ba ya shiga ƙarami, kuma microATX ne yawanci ya fi araha ba tare da an rasa wani abin kirki ba. A nemi ramin M.2 guda 2, tunda wasu gem ɗin sun haura GB 100 kowannensu. Wanda intanet ɗinsa daga wayarsa ko MiFi yake zuwa, madabod mai Wi-Fi a jiki zai hutar da shi, kuma yana zuwa da Bluetooth da za a haɗa hannun PlayStation ko Xbox. Akwai kuma wasu ƙananan fitilu 4 da wasu madabod ke da su, an rubuta CPU, DRAM, VGA da BOOT. Ranar da kwamfuta ta ƙi tashi, fitilar da ta tsaya a kunne ita ke nuna mai laifi. Ga sabon shiga, sun fi duk wani ado daraja.

Kayan hannu

Da yawa daga masu haɗa kwamfuta a Najeriya da Nijar kayan hannu suke saye, ko a Computer Village ta Ikeja, ko a Banex ta Abuja, ko ta hannun masu sayarwa a intanet. Babu laifi a haka. Furosesa na cikin abubuwan da ba su cika lalacewa ba. Madabod ne mai haɗari, kuma sayensa ba tare da an ga ya tashi ba sayen kifi a ruwa ne.

A AM4 allurai 1331 suna jikin furosesa, a nan ake duba ko akwai wadda ta lanƙwashe. A AM5 da soket ɗin Intel allurai suna cikin gurbin madabod, siririya ce ƙwarai kowace, kuma ɗaya tak idan ta karkace tana iya kashe ramin RAM. A haska gurbin da fitilar waya ta gefe: layukan su zama sumul, duk inda haske ya karye akwai matsala. Sannan a sa mai shago ya tayar da shi, a gwada kowane ramin RAM.

Furosesocin Intel na zubi na 13 da 14 suna buƙatar ƙarin hattara. A 2024 Intel ta amsa cewa wasunsu suna neman bolt fiye da kima, abin da ke cinye su a hankali har gem ya riƙa mutuwa haka kawai. Ta fitar da gyara ta hanyar BIOS a Agusta da Satumba na shekarar, ta kuma ƙara shekara 2 a garantin waɗanda abin ya shafa. Gyaran rigakafi ne, ba ya warkar da wanda ya riga ya lalace. Abin ya fi shafar i7 da i9 da kuma i5 masu K. Intel ta ce zubi na 12 da i3 da i5 marasa K ba sa ciki. Sayen 13900K na hannu wanda ba a san irin wahalar da ya sha ba, kuma babu takardar da za a nemi garanti da ita, caca ce. AMD ma ta ga nata a 2023, lokacin da wasu 7800X3D suka ƙone saboda yawan bolt, har aka ƙayyade shi ta sabon BIOS.

Sai tsofaffin kwamfutocin ofis na Dell da HP da Lenovo da suka cika kasuwa, da haɗin Xeon mai araha da ake yo oda daga China. Na ofis sau da yawa madabod ɗinsu da wayoyin wutarsu ƙirar kamfanin ce ta musamman, ba sa karɓar akwatin wuta na gama-gari cikin sauƙi. Ga kuma batun manhaja: Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma a hukumance daga zubi na 8 na Intel da Ryzen 2000 yake farawa, tare da TPM 2.0. Valorant a kan Windows 11 ba ya buɗewa sai TPM 2.0 da Secure Boot suna kunne. Araha ba ta ado.

To wane haɗi?

Mai ƙaramin ƙarfi yana da hanya biyu masu kyau: Ryzen 5 5600 da B550, ko Core i5-12400F da B660 ko B760 mai DDR4, kowanne da RAM GB 16. Farashin RAM ya yi tashin gwauron zabi a ƙarshen 2025 sakamakon yadda cibiyoyin ƙirƙirarriyar basira ke wawure shi, don haka a lissafa furosesa da madabod da RAM a dunƙule, ba ɗaya-ɗaya ba. Wanda ke da DDR4 a hannu tuni, wannan kaɗai dalili ne na zama a AM4 ko LGA1700. Mai matsakaicin ƙarfi da ke son ƙofar gaba ta zauna a buɗe, Ryzen 5 7600 ko 9600X da B650 ko B850.

Wanda kuɗin katin girafik bai taru ba tukuna yana iya farawa da Ryzen 5 5600G ko 8600G. Sashen hotonsu yana ɗaukar eFootball da GTA V da Valorant idan aka sassauta saiti, kati ya zo daga baya. Abin da ba ya yiwuwa shi ne a sayi mai F, ko 5600 mara G, a zauna jiran kati: baƙin allo kawai za a gani. Ranar da katin ya iso kuma, wayar monita jikinsa take komawa, ba jikin madabod ba.

RAM kullum sanda 2 ake saye maimakon 1, domin furosesa hanya biyu yake magana da shi. GB 8 sau biyu ya fi GB 16 guda ɗaya sauri. A madabod mai rami 4, yawanci na 2 da na 4 daga gefen furosesa ake fara cikawa.

BIOS da wutar NEPA

Yakan faru madabod ya girmi furosesa: Ryzen 5000 a kan B450, zubi na 14 a kan B660, Ryzen 9000 a kan B650 da ya daɗe a shago. Soket ya dace, amma BIOS ɗin da ke ciki bai san sabon furosesan ba, kwamfuta ba za ta tashi ba. Wasu madabod suna da maɓalli a baya da ke sabunta BIOS daga filas ba tare da furosesa a ciki ba. ASUS na kiransa BIOS FlashBack, Gigabyte Q-Flash Plus, MSI kuma Flash BIOS Button. Idan babu shi, a sa mai shago ya sabunta kafin a bar wurin.

Sabuntawar 'yan mintuna ce, amma idan wuta ta ɗauke a tsakiya madabod na iya mutuwa murus. Ba a yin ta a kan wutar NEPA tsurarta, ko janaretan da mai ya kusa ƙarewa. Sai da UPS ko inbata mai cikakken caji.

Kunnawar farko a AM5 takan tsorata mutane. Fankoki na juyawa, fitilar DRAM na kunne, monita baƙi ƙirin, wani lokaci har wasu mintuna. Madabod ne ke gwada DDR5 yana daidaita kansa da shi, kuma kashe shi a wannan lokacin mayar da aiki baya ne. Idan hoto ya fito, a shiga BIOS ta maɓallin Delete a kunna EXPO a AMD ko XMP a Intel. Idan ba a kunna ba, sandar da aka biya kuɗin DDR5-6000 za ta zauna tana tafiya a 4800.